Huckleberry Finn a ajin sakandare: me Amurkawa ke jayayya a kai?

A watan Fabrairun 2018 hukumar makarantun birnin Duluth da ke jihar Minnesota ta cire littafin Adventures of Huckleberry Finn na Mark Twain daga jerin littattafan da dole ɗalibi ya karanta. Labarin ya bazu da cewa an haramta littafin. Ba a haramta shi ba, yana nan a laburaren makarantun, duk yaron da ya so zai ara. Abin da aka janye shi ne tilas. A 2020 hukumar Burbank a Kalifoniya ta ɗauki irin wannan mataki kan littattafai 5, har da wannan. Kafin nan, a 2016, gundumar Accomack a Virginia ta janye shi na ɗan lokaci bayan ƙorafin wata uwa, daga baya ta mayar da shi.

Duk lokacin da irin haka ta faru sai muhawara ta rabu biyu, masu cewa ana danne adabi da masu cewa ana kare yara. Wanda ya tsaya nan zai rasa ainihin tambayar, wadda ta fi ƙunci kuma ta fi wuya: shin ya dace a ce kowane ɗan shekara 16 sai ya zauna a aji ya karanta wannan littafi, a yi masa jarrabawa a kai, ko yana so ko ba ya so?

Wa ke zaɓen littafi, kuma me ake nufi da cirewa

Wanda ya saba da tsarin WAEC ko NECO, inda hukumar jarrabawa ke fitar da jerin littattafan adabi guda ga kowa, zai ɗauka haka abin yake a Amurka. Ba haka ba ne. Gwamnatin tarayya ba ta da jerin littattafan wajibi. Jihohi ke tsara ƙwarewar da ake son ɗalibi ya samu, sannan hukumomin makarantu na gunduma, waɗanda yawansu ya kai kimanin 13,000 kuma galibi zaɓen mambobinsu ake yi, su ne ke amincewa da littattafai. A wasu wuraren sashen Turanci na makaranta ne ke zaɓa, a wasu kuma malamin aji. Don haka babu hukunci ɗaya da zai rufe maganar. Ana iya wajabta littafin a wannan gari, a ajiye shi a garin da ke maƙwabtaka. Yawanci a aji na 11 ake koyar da shi, ajin da aka ware wa adabin Amurka, inda ɗalibai ke tsakanin shekara 16 da 17.

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa. Akwai ƙorafi, wato takardar da uba ko uwa ko wani ɗan gari ke shigarwa yana neman a sake duba littafi. Kwamiti ya zauna, sau da yawa kuma littafin ya tsira. Akwai cirewa daga laburare, wadda ke hana yaro samun littafin a makaranta gaba ɗaya. Sai cirewa daga manhaja, inda littafin ke nan amma ba a tilasta shi. Shari'ar Amurka ba ta ɗauke su daidai ba. A shari'ar Island Trees da Pico ta 1982, Kotun Ƙoli, da ra'ayin alƙalai a rarrabe, ta nuna cewa hukuma ba za ta kwashe littattafai daga laburare don kawai ba ta son ra'ayin da ke cikinsu ba. Amma babban ra'ayin da aka rubuta a shari'ar ya amince cewa a kan manhaja hukuma na da faffaɗan iko. Kusan duk rikicin da ake yi kan Huckleberry Finn a 'yan shekarun nan na manhaja ne.

Abin da ke cikin littafin

An fara buga shi a Ingila a Disambar 1884, a Amurka kuma a Fabrairun 1885. Babi 43 ne. Labarin ya faru ne shekaru 40 zuwa 50 kafin bugawa, lokacin da bauta ke halal a jihar Missouri, inda Twain ya tashi a garin Hannibal. Huck yaro ne farar fata, talaka, ɗan wani mashayi, wanda ya gudu daga dukan ubansa. Jim bawa ne da ya tsere bayan ya ji uwargijiyarsa, Miss Watson, na shirin sayar da shi dala 800 ga mai fataucin bayi zuwa New Orleans. Suka haɗu, suka bi Kogin Misisipi bisa wani dandamalin katako mai tafiya da ruwa, da niyyar sauka a garin Cairo na jihar Illinois su shiga Kogin Ohio zuwa jihohin da babu bauta. Hazo ya rufe su, suka wuce Cairo ba su sani ba, ruwa ya ci gaba da kai su kudu, cikin tsakiyar ƙasar bauta.

Mabuɗin fahimtar rikicin shi ne cewa Huck ne ke ba da labarin da bakinsa, kuma Huck ya yarda da duk abin da garinsu ya koya masa. A ganinsa taimakon bawa ya gudu sata ce kuma zunubi. Twain bai taɓa tsoma baki ya ce yaron ya yi kuskure ba. Ya bar mai karatu ya gane da kansa. Gugar zana ce daga farko har ƙarshe. A babi na 6 uban Huck, a buge, yana kumfar baki don ya ga wani baƙar fata mai 'yanci, malamin jami'a daga Ohio, wanda har ƙuri'a yake jefawa; wanda ake wa dariya a nan mashayin ne. A babi na 31 Huck ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa zai tona inda Jim yake, ya tuna alherin Jim, ya yage takardar, ya yanke shawarar gara ya shiga wuta. Bai gano cewa bauta zalunci ce ba. Ya zaɓi abokinsa ne alhali yana ganin kansa mai laifi. A babi na 32 ya shara wa wata mata ƙaryar cewa injin jirgin ruwa ya fashe. Ta tambaya ko wani ya ji rauni, ya ce a'a, baƙar fata ɗaya ne dai ya mutu, ita kuma ta yi hamdala da cewa ai wani lokaci mutane kan ji ciwo.

Cikin wannan baki na Huck da na mutanen kogin, kalmar zagin nan da ake yi wa baƙar fata, wadda Amurkawa yanzu ke ambata da harafinta na farko kawai, N, ta fito sau 219 bisa ƙirgen da aka fi ambata.

Ƙorafin ya sauya fuska

Masu ƙin littafin na farko ba su damu da wannan kalma ba. A Maris 1885 laburaren garin Concord a Massachusetts ya ƙi ajiye shi saboda, a ganin kwamitinsu, harshensa na 'yan tasha ne kuma yaron ba shi da tarbiyya. Twain ya yi murna, ya ce hakan zai ƙara masa ciniki. A 1905 laburaren Brooklyn ya fitar da shi daga ɗakin yara kan irin wannan dalili.

Ɗaukakar littafin ta zo daga baya. Ernest Hemingway ya rubuta a 1935 cewa daga shi adabin Amurka na zamani ya samo asali. Lionel Trilling a 1948 da T. S. Eliot a 1950 suka rubuta masa gabatarwar da ta sa jami'o'i da makarantu suka rungume shi. Wato littafin ya zama na wajibi ne a daidai shekarun da ake rushe wariyar makarantu, bayan hukuncin Brown na 1954, inda Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Nan ne tushen rikicin yau. Littafin da aka saba karantawa a ajin farare zalla sai ga shi ana karanta shi da ƙarfi a ajin da yaro baƙar fata ɗaya ko biyu ke zaune cikin farare ashirin da wani abu. A 1957 hukumar ilimi ta birnin New York ta cire shi daga jerin littattafan firamare da ƙaramar sakandare. A 1982 John H. Wallace, jami'i baƙar fata a wata makarantar gundumar Fairfax a Virginia da ke ɗauke da sunan Mark Twain ɗin kansa, ya kira shi shara ta wariyar launi, ya kuma fitar da nasa bugun da ya cire kalmar.

Duk da haka littafin bai gushe ba. Binciken Arthur Applebee na ƙarshen shekarun 1980 ya gano kashi 70 cikin 100 na sakandaren gwamnati na wajabta shi, bayan wasanni biyu na Shakespeare kawai. A jerin Ƙungiyar Laburarorin Amurka na littattafan da aka fi ƙorafi a kansu, shi ne na 5 a 1990 zuwa 1999, na 14 a 2000 zuwa 2009.

Hujjar masu son a wajabta

Hujjarsu ta farko ta tarihin adabi ce. Twain ya ba yaro marar ilimi damar riƙe littafi guda da harshen titi, ya kuma bayyana a shafin farko cewa karin harshe 7 ya yi amfani da su da gangan. Ajin adabin Amurka da ya tsallake wannan, in ji su, ya tsallake inda salon rubutun ƙasar ya juya.

Ta biyu ta fi nauyi. Littafin na nuna yadda mutanen kirki, masu zuwa coci, masu karɓar baƙo, ke riƙe da zalunci ba tare da zuciyarsu ta dame su ba, da yadda tarbiyyar gari kan iya karkatar da lamirin yaro har ya ɗauki alheri zunubi. Wannan darasi ba ya shiga ta hanyar wa'azi kamar yadda yake shiga ta labari. Suna kuma nuna wuraren da Jim ya fi kowa mutunci: babi na 15, inda ya tsawata wa Huck kan wasan rainin hankali har yaron ya je ya ba shi haƙuri; babi na 23, inda yake kukan tuna marin da ya yi wa 'yarsa ƙarama bai san zazzaɓi ya kurmantar da ita ba. Daga cikin masu wannan ra'ayi akwai malamai baƙar fata irin su Jocelyn Chadwick, wadda ta rubuta littafi a 1998 tana kare koyar da shi. Toni Morrison, marubuciya baƙar fata, a gabatarwar da ta yi masa a 1996, ta bayyana irin rashin natsuwar da ya jefa ta tana yarinya, amma ta soki cire shi a matsayin maganin da ke rufe ciwo ba tare da duba shi ba.

Wasu kan kawo halin Twain a matsayin shaida, misali kuɗin da ya biya wa Warner McGuinn, ɗalibi baƙar fata a makarantar lauyoyi ta Yale, a 1885. Gaskiya ne, amma hujja ce mai rauni a wannan muhawara. Niyyar marubuci ba ta shiga aji. Abin da ke shafin ne ke shiga.

Hujjar masu adawa, wadda ba ɗaya ba ce

Ana yawan taƙaita adawar da cewa kalma ɗaya ce ta ɓata wa mutane rai. Akwai ƙorafi uku daban, kuma amsar ɗaya ba ta amsa sauran.

Na farko shi ne kalmar, amma a matsayin abin da ke faruwa a cikin ɗaki. Karanta ta a gida kai kaɗai daban ne da jin ta daga bakin malami ko ɗan ajinku, ana ƙyalƙyala dariya a baya, idanu kuma na juyowa kanka. Iyaye sun sha ba da rahoton cewa kalmar kan fita daga aji ta bi yaransu zuwa filin wasa da motar makaranta. Hujjar cewa haka mutane ke magana a 1840 daidai ce, sai dai ba ta amsa wannan ba, domin kalmar ba ta mutu a 1840 ba.

Na biyu shi ne yadda aka zana Jim. Ralph Ellison, marubuci baƙar fata wanda ke girmama littafin, ya lura tun 1958 cewa Twain ya zuba Jim cikin zubin wasan dandamalin da farare ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata a matsayin wawaye masu camfi, kuma daga bayan wannan fuskar ne mutuncinsa ke leƙowa. Jim magidanci ne mai mata da 'ya'ya, amma a wurare da dama yaro ne ke jan ragamarsa. Zane-zanen E. W. Kemble na bugun farko, waɗanda har yanzu wasu bugu ke ɗauke da su, sun ƙara wa abin gishiri.

Na uku, wanda masana adabi suka fi jayayya a kai, shi ne ƙarshen littafin. Bayan babi na 31, Tom Sawyer, abokin Huck, ya bayyana a gonar iyalin Phelps inda aka tsare Jim, ya mai da kuɓutar da shi wasan yara: a sa masa macizai da ɓeraye a ɗaki, a sa shi rubutu da jini, a haƙa rami alhali akwai hanya mai sauƙi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na littafin ke nan. Sai a babi na 42 Tom ya faɗi abin da ya sani tun farko, cewa Miss Watson ta rasu wata biyu da suka wuce kuma ta 'yanta Jim a wasiyyarta. Ya ba shi dala 40 ladan haƙuri. Huck, wanda ya yarda ya shiga wuta saboda Jim, ya bi Tom ba musu. Masanin adabi Leo Marx ya rubuta a 1953 cewa a nan Twain ya kasa fuskantar abin da labarinsa ya taso. Hemingway kansa, mai yabon, ya ce a daina karantawa inda aka sace Jim.

Akwai masu kare wannan ƙarshe da karatu mai ƙarfi. Twain ya fara littafin a 1876 ya gama a 1883. A tsakanin nan ne aka janye sojojin tarayya daga harkar mulkin Kudu a 1877, Kotun Ƙoli kuma ta rushe dokar kare haƙƙin baƙar fata ta 1875 a 1883. Bisa wannan karatu, wasan Tom hoton ƙasar ce da ta 'yanta bayi a takarda a 1865 sannan ta ci gaba da wasa da rayuwarsu. Karatun na da tushe. Matsalarsa ita ce ɗalibin da bai san tarihin waɗannan shekaru ba ba zai taɓa ganinsa da kansa ba. Abin da zai gani shi ne babi goma na dariya a kan mutumin da aka ɗaure. Nan ne hujjar masu adawa ta fi ƙarfi: gugar zanar da ba a gane ba takan koma ainihin abin da take suka.

Daga nan suke tambaya: idan manufar ita ce ɗalibi ya fahimci bauta, me ya sa za a fara da idon yaro farar fata, alhali akwai tarihin da Frederick Douglass ya rubuta da hannunsa a 1845 bayan ya tsere daga bauta? Shekarar karatu ba ta ɗaukar manyan littattafai da yawa, wannan kuma kan ci wata guda ko fiye. Wajabta shi na nufin ajiye wani.

Abin da kotu ta ce

A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 9 ta yanke hukunci a ƙarar da wata uwa ta shigar kan hukumar sakandaren Tempe a Arizona. Ta ce bayan an ba ajin 'yarta littafin, zagin launin fata ya ƙaru, makaranta kuma ba ta yi komai ba. Hukuncin, wanda alƙali Stephen Reinhardt ya rubuta, ya raba abin biyu. Kotu ba za ta umarci a cire littafi daga manhaja saboda abin da ke cikinsa ba, domin hakan zai buɗe ƙofar da kowace ƙungiya za ta bi ta kori littafin da ba ta so. Amma idan makaranta ta san ana cin zarafin ɗalibai kan launinsu ta yi biris, ana iya kama ta da laifi ƙarƙashin sashe na 6 na dokar haƙƙin jama'a ta 1964. Ma'ana, littafin ba laifi ba ne, amma makarantar da ta wajabta shi ta ɗauki alhakin abin da ya biyo baya.

Hanyoyin tsakiya da inda kowacce ke gazawa

A 2011 kamfanin NewSouth Books ya fitar da bugun da Alan Gribben, masanin Twain a Alabama, ya shirya, inda ya maye kalmar da "bawa". Dalilinsa shi ne malamai sun gaya masa sun daina koyar da littafin gaba ɗaya. Gyaran na sauƙaƙa karatu da ƙarfi, amma yana ɓata ma'ana. Malamin nan na babi na 6 ba bawa ba ne; abin da ke ƙona uban Huck shi ne ganin baƙar fata mai 'yanci. Jim ma a babin ƙarshe ba bawa ba ne. Kuma gyaran bai taɓa ƙorafi na biyu da na uku ba ko kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce a bar littafin a manhaja, a ba wanda iyayensa suka ƙi damar karanta wani. A takarda adalci ne. A aikace yaron kan tashi ya tafi laburare shi kaɗai na tsawon makonni, kowa ya san dalili, kuma tattaunawa kan launin fata ta gudana babu shi.

Ta uku ita ce ta Cherry Hill a New Jersey. Bayan ƙorafin ɗalibai da iyaye baƙar fata a 1995, an dakatar da littafin, aka zauna da iyaye da malamai da masana daga Jami'ar Villanova, aka sake gina darasin, aka kuma shar'anta cewa malamin da zai koyar da shi sai ya halarci horo. Tsarin da ya fito daga nan, da makamantansa, na da matakai sanannu. Ana sanar da iyaye tun kafin a raba littafin. Ana fara da tarihin bauta, da wasan shafa baƙi, da abin da ya faru bayan 1877, kafin a buɗe babi na 1. Ana tattauna kalmar a fili a rana ta farko, a yanke ƙa'ida, galibi cewa tana nan a shafi amma ba mai furta ta, har malami. Ana karanta shi tare da rubutun waɗanda suka ɗanɗani bauta. Ana ba ɗalibai sukar Ellison da ta Marx don su san an yarda su ƙi littafin da hujja. Kuma ba a juya wa yaro baƙar fata a ce ya faɗi yadda mutanensa ke ji.

Inda wannan tsari ke karyewa shi ne kuɗi da lokaci. Malaman da aka horar kan bar aiki, sabbi su zo su gaji littafin ba tare da horon ba. Malamin da ke da aji biyar a rana da jarrabawar jiha a gabansa shi ne zai fara yanke makon tarihin, daga nan ya ruga ta kan babi goma na ƙarshe. Abin da ya rage shi ne tilas ba tare da sharuɗɗan da suka halatta ta ba.

Wa zai ji a jika

Idan gunduma ta cire shi daga wajibi ta bar shi a laburare, yaran da ke da littattafai a gida ko ke ajin masu hazaƙa za su ci gaba da haɗuwa da shi. Sauran galibi ba za su taɓa buɗe shi ba, domin karin harshensa na da wuya ba tare da jagora ba. Wannan asara ce ta gaske, kuma 'ya'yan talakawa ta fi shafa. Malamai kuma kan koyi darasin da ba a yi niyya ba: duk littafin da zai jawo taron iyaye, a kauce masa. A Burbank, cikin littattafai 5 da aka ajiye har da na Mildred Taylor, marubuciya baƙar fata da ta rubuta kan wariya daga idon yarinya baƙar fata.

Idan kuma aka wajabta shi ba shiri, nauyin ba ya rabuwa daidai. Mafi yawan ajin za su sha ɗan rashin daɗi su wuce. Yaro ɗaya ko biyu ne za su ƙirga kwanakin da suka rage. Shi ya sa hujjar girman littafin, ko da an amince da ita gaba ɗaya, ba ta isa ta tabbatar da wajabtawa a kowace makaranta ba. Tana tabbatar da cewa a bar shi a laburare, a kuma bar ƙwararren malami ya zaɓe shi. Tilas kuwa sai inda hukuma ta biya kuɗin horo, ta ware makonnin, ta kuma shirya hukunta wanda ya ɗauki kalmar ya jefi ɗan ajinsu da ita.

Wani sabon abu ya shigo lissafin. A 2024 Percival Everett ya fitar da James, wanda ya sake ba da labarin daga bakin Jim, ya kuma ci kyautar Pulitzer a 2025. Masu son littafin Twain na ganin ya samu abokin karatun da ya daɗe yana buƙata, masu adawa na ganin ya samu magaji. Haɗa su biyun zai cinye kusan rabin zangon karatu, kuma kwamitin manhajar kowace gunduma ne zai yanke wane littafi zai bar jerin don a samu wurin.